Tabarmar da Ba a Bari Babu Kowa

Idan uwa ta ba ɗanta amana biyu, ta ce ya gama karatu kuma ya kula da ƙanwarsa, sai aka wayi gari riƙon ɗaya ya zama sakin ɗayar, wacce zai saki? Tambayar da ta hana Likita sakat ke nan, kuma babu wanda ya iya amsa masa.

Likita laƙabi ne, saura masa jarrabawa ɗaya ya zama na gaske. Ƙanwarsa Auta kuwa tana kwance a kan tabarma a ƙofar ofishin shugaban jami'a, leɓɓanta sun tsattsage, idanunta sun faɗa.

An rushe unguwar bayan layin dogo, sai jami'a ta sallami ɗaliban da suka fito daga can, wai ba su da adireshi. Ƙungiyar ɗalibai ta shiga yajin cin abinci, ta kafa doka: mai yaji ruwa da gishiri kawai zai sha, kuma ba zai tashi ba sai wani sabo ya zauna ya karɓi kofin daga hannunsa. In tabarma ta zauna babu kowa, yaji ya karye. Da farko har rububin zama ake yi. Da hukuma ta kafa kyamara a jikin ginshiƙi ta ce duk wanda ya zauna korarre ne, sai masu jiran layi suka zame ɗaya bayan ɗaya. Auta ce a kan tabarmar ranar, ita ce a kai har yanzu.

Likita ya durƙusa a kan siminti, yana kiyaye kada gwiwarsa ta taɓa tabarmar, ya kama wuyan hannunta. Bugun yana sauri yana ɓacewa. Ya san sunan abin da ke tafe, ya karanta shi, ya ma ci jarrabawa a kansa.

"Yaya, ka daina wannan fuskar," in ji Auta, muryarta can ƙasa. "Mara lafiya ya gan ka haka ai sai ya fara wasiyya."

"Cokali ɗaya na sukari, Auta. Wa zai sani?"

"Ni."

Shugaban ƙungiyar, wanda ake kira Mai Lasifika, yana jingine da bango. Shi ya fara zama, an kore shi, an kwantar da shi a asibiti, kuma doka ta hana shi komawa. Tun da safe ya roƙi Likita ya karɓi Auta, Likita ya ce a'a, shi aikinsa duba lafiyar masu yaji ne kawai.

"Na bi ɗakunan kwana kaf," in ji Mai Lasifika. "Kowa cikinsa ke ciwo. Ban taɓa ganin annoba mai zaɓen 'yan ƙungiya ba."

"To ku janye dokar. Ku kuka yi ta, ba daga sama ta sauko ba."

"Mu janye, su naɗe tabarma su share wurin. Yaran nan su koma ina? Gidan ma babu."

Wayar Likita ta yi ƙara. Mama ce. Tana ɗinki, yana jin ƙarar kekenta kafin ta tsayar.

"Ka sungumo min ita," ta ce. "Kuma kai kada in ji ka kusanci abin nan. Bayana ya ƙare a kan keken nan don ka sa farar riga. Kana ji na?"

Ya ce yana ji. Ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗun Auta. Ba ta da nauyin komai, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta damƙe bakin tabarma da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"In ka ɗaga ni, can ma ba zan ci ba. Ka san halina."

Ya sani. Tun tana yarinya in ta rufe baki, ko Baba ba ya iya buɗe shi.

Ya sake ta. Kanta ya langaɓe gefe, ya daɗe yana kiran sunanta kafin ta buɗe ido, kuma da ta buɗe sai ta kira shi Baba, wanda ya rasu tun tana firamare.

Likita ya dubi farfajiya. Ɗalibai na wucewa aji, kowa ya kawar da kai. Ya dubi kyamarar. Ya cire farar rigarsa ya ninke a hankali, kamar yadda Mama ke ninke ɗinkin mutane, ya ajiye a gefe.

"Dama mata sukari," ya ce wa Mai Lasifika. "Kaɗan-kaɗan za ka ba ta, kada ka bari ta kwankwaɗa."

Ya tuɓe takalmansa.

"Matsa, Auta."

"Mama za ta kashe ka," ta ce, da kyar.

"Sai ta bi layi."

Ya zauna a kan tabarmar, ya zare kofin ruwan gishirin daga hannunta, ya kai baki.