Karan Ɗori a Gefen Dama

Ranar Alhamis wa'adin gwajin Lubna Tarawneh zai cika a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Amman, kuma sashen da ta rubuta ne yake ta faɗuwa.

Manhajar ta ɗakin gwajin jini ce, tana gudu a kan zare da yawa, wato ayyuka da dama a lokaci guda. Idan zare ya gamu da matsala sai ya jefa kuskure, shi kansa kuma ya cafe. Amma kuskuren da zaren Lubna ke cafewa maganar firinta yake yi, ita kuwa babu firinta a aikinta.

"Naka ne, Ghassan," ta ce wa abokin aikinta. "Kai ke da firinta."

"Nawa? A hannun wa aka kama shi, Injiniya?"

Suka kunna zarenta shi kaɗai, lafiya. Nasa shi kaɗai, lafiya. Da suka haɗa su, manhajar ta mutu.

Mai kamfanin, Abu Yazan, ya tsaya a kansu da kofin gahawa. "Ku yi mini bayani kamar ni kakarku ce."

Ghassan ya ce sai an umarci kompaila, mai juya rubutunsu zuwa harshen na'ura, kafin ta ware wa kowane zare ma'ajiyar kuskurensa. In ba haka ba duk wuri ɗaya suke zubawa. "Kuma na tura wa Lubna umarnin tun makonta na farko."

"Na sa shi," ta ce, ta buɗe fayil ɗin. Ga shi nan: mthreads-

"Karan ɗorin gaba yake zuwa, baiwar Allah!"

"Haka ka rubuto."

Ya buɗe saƙonsa. Kalmar tana tsakiyar jimlar Larabci, wanda ake karantawa daga dama zuwa hagu, allon ya jefa karan ɗorin gefen dama, wato bayan kalmar ga mai karanta boko. Ita kuma ta kwafa yadda idonta ya gani. Tsarin haɗa manhajarsu yana watsar da duk abin da bai fara da karan ɗori ba, ba ya ko tari.

Suka gyara, manhajar ta tsaya da ƙafarta.

"To laifin wa ke nan?" in ji Abu Yazan. Ya sunkuya yana duban saƙon Ghassan a allon. "Ki zo ranar Lahadi," ya ce wa Lubna, don ranar ake komawa aiki a Amman.

"A matsayin ma'aikaciya, Abu Yazan, ko gwajin ne bai ƙare ba?"

"Ma'aikaciya," ya ce, bai ɗago ba. "Ghassan, ni fa da na karanto daga dama, har yanzu a gaba nake ganin karan ɗorin nan."