Angelina a Tashar Maraɗi

Malama Monica Turanci take koyarwa, ba ruwanta da waƙa. Amma da aka gayyaci mawaƙan makarantarsu ta sakandare da ke Durumi a Abuja zuwa bikin waƙoƙin ɗalibai a Maraɗi, iyaye suka ce ba za su saki 'ya'yansu mata su ƙetare iyaka ba sai da mace a cikin motar. Shugaban makaranta ya leƙa ɗakin malamai, ita ya fara gani, shi ke nan.

Tun daga Zuba ta kasa zama. Yara na sayen lemo da abarba ta taga, ita kuwa tana kai da kawo tsakanin kujeru, tana duba fuskoki, tana tambayar wa ke jin amai. Malam Thaddeus, mai koyar da waƙar, muryoyi kawai suka dame shi. Da ya hana su shan ruwan sanyi sai ya jingina kai ya yi barcinsa.

"Malama, don Allah ki zauna," in ji Ɗangoggo direba. "Kin tare mini madubi."

Ta zauna. Ba a kai Kaduna ba ta sake miƙewa.

Suka kwana a Katsina, da safe suka ƙetare ta Jibiya. Jandarmomi suka duba takardu suka ɗaga hannu, wayarta kuma ta ɗauke ɗif. Nan damuwarta ta ƙaru: ga 'ya'yan mutane a hannunta, ga ƙasar da ba ta san kowa ba, ba kuma hanyar kiran gida.

Yarinya ɗaya ce ba ta ba ta wahala ba duk tafiyar. Angelina, 'yar ajin ƙarshe, mai jan baiti, wadda uwarta ke sayar wa masu fasa dutse abinci a Mpape. Tana gefen taga shiru, jakarta a cinya. Sau ɗaya Monica ta ji ta yi magana, tana tambayar Ɗangoggo ko tashar mota na da nisa da masaukinsu.

Aka sauke su a wata makarantar kwana. Bayan cin abincin rana Malam Thaddeus ya tara su a ƙarƙashin darbejiya don gwajin ƙarshe, saboda da yamma za su hau dandamali. Suka ɗauki amshi, ya ɗaga hannu ya nuna wurin mai jan baiti, ba Angelina. Shiru.

Monica ta zagaye ɗakin kwana, ta leƙa banɗaki, ta dawo ba ta gan ta ba. Sai Zaituna, ƙawar Angelina, ta matso tana murza gefen rigarta.

"Malama, ta tafi tasha. Wanta take nema, Marvel. Shekaran jiya ma ta ce in na faɗa ba ni ba ita."

"Wanta me yake yi a nan?"

"Yaron mota ne, suna kawo doya daga Zuba. Tun bara ya zo bai koma ba. Mamansu kullum kuka."

Malam Thaddeus ya ce a sanar da masu masauki su kira jandarma. Monica ta ce a ba ta lokaci tukuna. Ta ja Ɗangoggo, wanda ya san garin, suka tare babur biyu. A hanya tana ta haɗa faɗan da za ta yi, tana kuma hango kanta tsaye a ƙofar wani ɗaki a Mpape tana neman abin da za ta faɗa wa uwar da yanzu ta rasa biyu.

Tashar ta cika maƙil, ga buhunan albasa, ga 'yan kamasho na kiran Damagaram da Yamai. Suka bi layi-layi suna tambaya ko an ga yarinya da rigar makaranta shuɗiya. Wani ya nuna gabas, wani ya nuna yamma. Can bayan garejin bakanikai suka hango ta a kan benci, a rumfar wata dattijuwa mai tuwo, da hoto a hannunta.

Monica ta buɗe baki, sai dattijuwar ta riga ta.

"Ke ce malamarta? Ki bar ta ta huce. Na san yaron. A garejin can ya yi aiki, nan yake cin abinci, yaro mai ladabi. Bayan ƙaramar Sallah ya hau motar Agadas. Ya ce akwai aiki a gaba."

Kowa a rumfar ya san abin da ake nufi da gaba: ƙetare hamada. Ɗangoggo ya kawar da kai.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji Angelina, ba ta ɗago ba. "Saboda shi na dage aka sa ni cikin tafiyar nan. Na ɗauka zan koma da shi a motarmu."

Faɗan da Monica ta haɗo duk ya watse. Ta zauna kusa da ita, ta karɓi hoton ta duba: saurayi ne siriri, ya jingina da tirela yana dariya. Ta tambayi dattijuwar ko direbobin Agadas na cin abinci a wurinta. Ta ce kullum. Monica ta rubuta lambarta ta Najeriya a bayan hoton, ta ce a nuna wa duk mai hawa arewa.

Angelina ta hau dandamali da yammar nan, idonta a kumbure. Muryarta ta karye a baiti na biyu, sauran suka rufe mata da amshi. Ba su ci ko kyauta ɗaya ba, Malam Thaddeus kuma bai yi wa Angelina magana ba har suka dawo Abuja. Shugaban makaranta ya kira Monica ya yi mata faɗa a kan rashin kiran hukuma. Ta tsaya ta saurara, ba ta musa ba.

Daga nan wayarta ba ta ƙara barin hannunta ba. Ko a aji tana kan tebur, ita da ke ƙwace ta ɗalibai. Damina ta shigo ta yi nisa, ana shirin jarrabawar fita, ran nan tana cikin gyara rubutun yara sai wata baƙuwar lamba ta shigo. Murya can nesa, iska na kaɗawa, ta ce Marvel ne, wani direba ne ya nuna masa hotonsa. Yana Agadas, yana gyaran mota, bai wuce ba, kuɗin wucewar ma bai haɗu ba.

"Kar ka kashe," in ji Monica. "Ka ji ko? Kar ka kashe."

Ta fita da gudu ba takalmi, ta ratsa filin makaranta, ta faɗa ajin ƙarshe ba sallama, malamin lissafi na tsaye da alli a hannu. Ta miƙa wa Angelina wayar.

Yarinyar ta kara a kunne. Sannan ta ce, "Yaya, Mama na nan lafiya. Yaushe za ka dawo?"