Ɗakin Masu Tari

Abdulgaffar mahauci ne a unguwar Habbena, yana da teburinsa a bakin kasuwa tun yana saurayi. Wata saniya ce ta kai shi gidan yari. Ya saye ta a hannun wani baƙo, ya yanka ya sayar, daga baya masu ita suka zo da jandarmomi suka ce ta sata ce. Baƙon ya ɓace. Aka tsare Abdulgaffar ana jiran shari'a, jiran kuma ya yi tsawo.

Ɗakin da aka sa shi a cike yake maƙil. Kwanciya sai a kaikaice, in mutum zai juya sai na kusa da shi ma ya juya. Larabci ake yi a ciki da yarukan kudu waɗanda ba ya ji. Mai Hausa ɗaya ne, wani tsoho da ake kira Rufa'i, jikan mahajjatan da suka taso daga yamma da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan ba su ƙara gaba ba. Shi da Abdulgaffar kusa da juna suke salla, in an idar su yi ta hirar shanu. Tsohon yana tari tun kafin zuwan Abdulgaffar. In ya roƙi ganin likita sai gandiroba ya ce mura ce, za ta wuce, a bari sai gobe. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa daga kafaɗa. Wata safiya aka fitar da shi a tabarma, bai kai asibiti da rai ba.

Ba a daɗe ba tarin ya kama Abdulgaffar. Ya riƙa danne shi a cikin rigarsa, don ya ga yadda mutane suke matsawa daga mai tari ko da babu wurin matsawar.

Da damina ta faɗi, shugaban gidan ya tara fursunoni a fili ya karanta wata sabuwar doka da Faransanci, aka fassara musu da Larabci. Duk wanda aka kawo sai an duba lafiyarsa. Mai tari sai an gwada kakinsa. Wanda aka samu da tarin fuka a ware shi, a ba shi magani kullum. Babu gandiroban da ke da ikon hana fursuna ganin ma'aikacin lafiya. Wasu suka yi dariya, suka ce sun sha jin irinta.

Amma aka kawo ma'aikaciyar jinya, wata mace mai ƙarancin magana, sunanta Khalida. Ta gwada Abdulgaffar, sakamako ya nuna cutar ce. A ranar aka mayar da shi wani ɗaki a ƙarshen gidan, tsohon ɗakin ajiya mai babbar taga. Su uku ne da farko. Aka wuce da ɗaya asibiti, ɗayan ya samu sauƙi aka mayar da shi cikin jama'a. Saura shi kaɗai.

Ya samu filin da ya daɗe yana roƙon Allah, yana iya miƙe ƙafa ya juya yadda ya so. Sai dai yinin ba ya ƙarewa. Ana tura masa abinci daga bakin ƙofa. Yakan jiyo hayaniyar babban ɗaki daga nesa, faɗa ko dariya, ya kasa kunne ko zai gane muryar wani. Wani lokaci sai ya tsinci kansa yana ciniki da bango da Hausa, yana yabon naman ƙirjin saniya mai kitse.

Matarsa Hansai takan zo ranar ziyara a kan babur, da tuwo da miyar kuɓewa. An hana ta matsowa. Sai ta tsaya can bayan waya, shi yana bakin ƙofa da ƙyalle a hanci.

"Baban Alamin, kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci. Yaya yaran?"

"Me ka ce?"

Ya ɗaga murya, tari ya sarƙe shi. Kafin ya lafa an ce lokaci ya cika. Ta ɗaga masa hannu ta juya tana gyara mayafi.

Wata rana gandiroba Abbas ya ƙi buɗe masa ƙofa lokacin magani, ya ce ma'aikata sun yi ƙaranci, a bari sai gobe. Abdulgaffar bai yi musu ba, ya tuna yadda goben tsohon nan ta kasance. Can wajen la'asar sai ga Khalida da kanta, da ƙwayoyi a hannu, Abbas yana biye da ita da makulli.

"Wannan magani ba a tsallake masa rana," ta ce wa Abbas da Larabci. "Ba alfarma nake nema ba, doka ce. In ka ƙara, wurin shugaba zan kai maganar."

Ta tsaya har Abdulgaffar ya haɗiye. Da za ta tafi ya ce, "Madam, akwai wani tsoho da ya rasu a nan da irin wannan tarin. Da dokar ta riske shi, da ya tashi?"

Ta ce, "Wataƙila. Ban san shi ba."

Ta tafi, aka ja ƙofa. Ya zauna a ƙarƙashin taga yana kallon ruwan sama yana zuba daga indararo har magariba.

Tarin ya ragu, zufar dare ta daina, ya fara jin ɗanɗanon abinci. Aka mayar da shi babban ɗaki, daga baya kuma alƙali ya saurari shaidun kasuwa ya sallame shi. Ba a sake shi haka nan ba, dokar ta ce sai an haɗa shi da asibitin unguwarsu ya ƙarasa maganin. Kullum da safe yakan taka zuwa can ya sha a gaban ma'aikaci, ya dawo gida. Abokan sana'arsa suna yi masa barka da arziki daga inda suke tsaye, ba mai miƙo hannu. Ya gaya musu likita ya ce ba ya yaɗa komai yanzu, suka ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ya gama maganin bayan sallar layya. Ranar da ya koma teburinsa, har azahar baƙi kaɗai suka tsaya saye, waɗanda ba su san labarinsa ba. Ya rufe sauran naman da farin yadi, ya zauna a benci yana korar ƙudaje.