Sakatar Ɗakin Fenti

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce maka ya riga ni ƙarya yake yi, ko da kuwa Maigida ne mai garejin da kansa. Ran da gwaggon yaron ta kawo shi koyon aiki ina zaune a kan tsohuwar taya ina fidda lotsawar wata ƙofar mota. Kallo ɗaya na yi masa na ce a raina, wannan an daɗe ana jibgarsa. Ban yi makaranta ba, ko sunana ka rubuta ba zan gane shi ba, amma jikin mota da jikin mutum ba wanda zai karanta mini su. Ƙarfen da aka buga sau ɗaya daban yake da wanda aka yi ta bugu wuri guda, ko an lulluɓe shi da fenti tafin hannuna zai gaya mini.

Guduma ake ce mini, gyaran jikin mota nake yi. Motar katako ta taɓa danne ni, aka ɗauko ni a matsayin gawa, na farka a hanya na ce a ba ni ruwa. Mutumin da ya koya mini aiki da sarƙa yake ɗaure ni a jikin injin, yau ƙasa ta cinye shi, ni kuwa ga ni ina cin abinci da haƙorana. To idan na ce na san yaron da aka daka, ba labari aka ba ni ba.

Shekarunsa ba su wuce sha huɗu ba. Ba ya kallon fuskar mutum, hannu yake kallo. Ka ɗaga hannu za ka sosa kai, kafaɗunsa sun riga sun hau kunne. Idan aka zage shi sai ya washe baki kamar an yi masa kyauta, shi ya sa 'yan gareji suka sa masa Yaƙe. Aiki kuwa kamar aljani, kafin ka ce sifana tana hannunka. Amma ka yaba masa, ranar sai ya fasa wani abu. Wata rana kofi ya suɓuce masa, ba wanda ya ce uffan, sai ga shi a durƙushe ya ɗora hannuwa a ka yana jira.

Abin da ya ruɗi mutane shi ne ƙara ba ta dame shi ba. Taya ta fashe kusa da shi, ko gezau. Ni kaɗai na lura cewa da zarar wani ya ƙure muryar rediyo sai yaron ya sandare, idonsa a buɗe amma ba kowa a ciki, ya tafi ya bar mana gangar jiki.

Na tare gwaggonsa a bakin ƙofa na ce, “'Yar nan, gaya mini gaskiya. Me rediyo ya yi wa yaron nan?”

Ta ce, “Baba, ubansa ƙanena ne, ciki ɗaya muka fito, amma Allah ya isa. Idan zai dake shi sai ya sa sakata, ya ƙure rediyo don kada maƙwabta su ji. Tun yaron bai iya sa wando ba. Uwar ta gudu da ranta. Ni ma sai da ya tafi doguwar tafiya da babbar motarsa na sato shi. Don Allah kada ya san yana nan.”

Na je na sami Maigida da Mai Fenti na gaya musu. Na ce yaron nan kada a rufe ƙofa da shi, kada a ƙure rediyo a kansa.

Mai Fenti ya kwashe da dariya. “Guduma ya zama likita! Baba, wane ne a cikinmu ba a daka ba? Ni ubana da igiyar guga yake yi mini.”

Na ce, “Shi ya sa har yau kanka bai cika ba.”

Aka yi dariya aka watse. Maganar tsoho ce, sun ɗauka surutun tsufa ne.

Ga yadda aikin ɗakin fenti yake. Ƙura ita ce abokiyar gabarsa, ƙwaya ɗaya ta faɗa kan ɗanyen fenti aiki ya lalace. Saboda haka ana jiƙa ƙasa da ruwa, a rufe tagogi, a danna sakata ta ciki don kada wani ya banko ƙofa ana tsakiyar feshi. Injin iska kuma yana da ƙugi, don haka Mai Fenti yakan ƙure rediyonsa ya danne shi. Shiga ɗakin nan girma ne a wurinmu. Kuma duk sabon shiga sai babban yaro ya tsula masa tiyon iska a baya, wai bulalar shiga, a yi dariya a ce ya zama ɗan gida. Babban yaron Mai Fenti shi ne Surutu, dogo, mai baki kamar rediyon maigidansa, ya daɗe yana shara kafin a bar shi ya taka ɗakin.

Mai Fenti ya ga hannun Yaƙe na da laushi wajen goge mota, sai ya ce zai ɗaukaka shi. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan kam na shaida. Suka zaɓi safiyar da na zagaya bayan gareji neman murfin but na bayan mota a cikin tarkace.

Ina can na ji rediyo ya tashi. Ban kawo komai a raina ba. Sai na ji wata ƙara a ƙarƙashin kiɗan, irin ta akuyar da wuƙa ta kuskure. Na yar da abin da ke hannuna. Yaran gareji har yau suna cewa ba su taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na ranar ba.

Ƙofa a rufe gam. Na wawuro gudumata na ba ta a daidai sakata, na ƙara, katakon ya tsage.

Farar mota suke fesawa, amma gefenta ya zama ja. Surutu na kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tiyon na hannunsa har lokacin, yaron na zaune a ƙirjinsa yana kirɓa masa bindigar fenti a baki. Haƙora a ƙasa kamar tsakuwa. Mai Fenti na jikin bango ya dafe ido yana ihu, ashe da ya zo rabo yaron ya watsa masa ruwan tsinka fenti a fuska. Shi kuwa Yaƙe yana duka yana kuka, kamar ubansa ne a gabansa, yana cewa, “Ba ni ba ne, Baba! Na tuba, Baba! Ba ni ba ne!”

Rediyon na fara yi wa. Guduma ɗaya, ya tarwatse. Na finciko wayar injin iska. Ɗakin ya yi tsit.

Yaron ya juyo kaina. Ya wawuri wuƙar kankare fenti ya kawo mini sara, ta shiga damtsena har sai da na ji ta a ƙashi. Da wani ne da ya rungume shi, da kuwa an yi gawa, don wanda aka saba dannewa ba a kwantar da shi da danniya. Ni na ja da baya, na jefa gudumar can nesa, na zauna daɓas a cikin ruwa, na buɗe tafukan hannuna yana gani.

“Dubi ƙofa, ɗana,” na ce. “A buɗe take. Ba wanda zai rufe.”

Ya dubi ƙofar, ya dubi hannuna, ya dubi Surutu kamar yanzu ya fara ganinsa. Sai ya saki wuƙar ya rarrafa ƙarƙashin motar ya dunƙule.

Kafin nan 'yan gareji sun cika ƙofa, wani da ƙarfen jak na ɗaga mota, wani da sarƙa. “Fito da shi! Mahaukaci ne! A karya shi!” Na miƙe jini na zuba ta gwiwar hannuna, na tsaya a bakin ƙofar. Na ce wanda ya fi ƙarfin uwarsa ya zo ya wuce ta kaina. Ba wanda ya motsa. Sun san ni.

Aka kwashi Surutu da Mai Fenti zuwa asibiti, aka ɗaure mini hannu da tsumma. Ina nan ina gadin yaro, ashe Maigida ya shiga ofis yana buga waya. Wani direba ya san uban, ya ba shi lamba. Da na ji na ce, “Maigida, ka kashe shi.” Ya ce, “Baba, yaro na da uba. Ni ba zan ɗauki wannan masifa ba.”

Da la'asar uban ya iso. Wallahi da ka gan shi sai ka ba shi ajiyar 'yarka. Kaya fes, ƙamshin turare, ya bi kowa da gaisuwa hannu biyu, har ya rusuna mini. “Baba, ku yi haƙuri, yaron ne ba ya ji. Na yi iya yina.”

Muryar kawai yaron ya ji ya fito da kansa. Ya washe baki har kunne. “Sannu da zuwa, Baba.” Fitsari na bin ƙafar wandonsa har cikin takalmi, shi bai ma sani ba.

Uban ya kama wuyan hannunsa, na ga yadda ya murɗa shi a hankali yana mana murmushi. Ya ce, “Bari in share muku hawaye tun a nan, kada ku ce na goyi bayansa.” Ya zare bel, ya naɗe a hannu, ya bar kan ƙarfen yana reto. Ya zuba masa a wuya. Ya ƙara a fuska, kunci ya tsage. Yaron da ya kusa kashe ƙato da safe ko hannu bai ɗaga ba, ko tari bai yi ba.

Na shiga tsakani. Na ce, “Kai, ɗan nan, idan dukan kake sha'awa ga babba.”

“Baba, matsa. Ɗana ne.”

“Ɗanka ne, ba jakinka ba.”

Sai ya sauke mini ƙarfen bel a gira, jini ya rufe mini ido ɗaya. Ya haɗa ni da jikin mota, ya sa gwiwa a haƙarƙarina, na ji ƙas. Na faɗi, amma da na faɗi da ƙafarsa na faɗi. Na rungume ta da hannu mai lafiya, na kafa haƙora a sharaɓarsa. Ya yi ta tattaka ni da ɗaya ƙafar, ya ja yaron ta riga zai tafi da mu duka, ni ban saki ba. Motar katako ma ba ta raba ni da raina ba, balle wani direba.

Rigar ce ta yage, tun daga wuya har ƙugu. Bayan yaron ya fito fili. Ba wurin da za ka ɗora yatsa. Tabon waya kan tabon waya, tsofaffi sun yi baƙi, ga shatin dutsen guga sak a kafaɗa, da tsininsa da komai.

Daidai lokacin aka dawo da Surutu, baki a kumbure da ɗinki. Ya tsaya ya ƙura wa bayan nan ido. Ni na ɗauka murna zai yi. Sai ya karɓi ƙarfen jak daga hannun na kusa da shi ya maka wa uban a hannun da ke riƙe da bel. Daga nan kowa ya rufa. Sarƙar da aka ɗauko don yaro a jikin uban ta ƙare. Maigida da kansa na gani yana kai ƙafa.

Ni na hana su, ina kwance ina tofar da jini. Na ce, “Ya isa! Yaro na kallo! Ku kashe ubansa a gabansa ku ƙara masa wani kayan?” Suka ja baya suna huci. Ashe an kai wa gwaggon labari, ta iso da 'yan sanda, suka ga bayan yaron da idonsu, suka ɗauki mutumin a bayan mota.

Bai sake karɓar yaron ba. Hukuma ta bar shi a hannun gwaggonsa, kuma Maigida ya ce wurinsa na nan a gareji. Mai Fenti idonsa ya warke, shi da hannunsa ya kwance abin da ya rage na sakatar. Yanzu jiƙaƙƙen tamfol ake ratayawa a ƙofar, ƙura na ɗan shiga, yana ta mita, amma bai mayar ba. Bulalar shiga ma an bari. Surutu kuma idan ya ce “sifana” sai iska ta fita ta wawulo, yara su ce injin iska ya tashi.

Kada in yi maka ƙarya, yaron bai warke ba. Akwai wata mata a asibiti da ke zama da irin waɗannan yara, gwaggon na kai shi. Ta kira ciwon da wani dogon suna, ta ce wanda aka yi ta yi wa abu tun yana ƙarami a wurin da ba shi da mafita abin ba ya sakinsa da wuri, sai an bi shi a hankali. Ta san aikinta, ban raina mata ba, amma ni na riga ta faɗa. Har yanzu wata rana sai ya ɓace daga aiki, wata rana ya jefi mutum da gwangwani a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ya zauna yana cewa shi ba mutum ba ne. Sai dai kwanan baya na aike shi ɗebo ruwa, ya dube ni cikin ido ya ce, “Baba Guduma, na gaji, aiki wani.” Rashin kunya ce tsagwaronta. Na tashi da karyayyen haƙarƙarina na ɗebo da kaina, ina tafe ina dariya.

Wanda ya ce ƙari na yi, garejin ba ɓoyayye ba ne. Ya zo ya tambayi Guduma, ya tsaya a gabana ya maimaita. Tsufa na yi, ban mutu ba, kuma hannu ɗaya ya ishe ni.