Titin da Ya Ci Shagon Yaya

Kafin ya zama kansila, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, shi ya sa 'yan unguwa ba su daina ce masa Malam ba. Tsofaffin ɗalibansa ne suka matsa masa ya tsaya takara, har ya gaji ya ce to. Da ƙyar ya ci zaɓen.

Shekararsa ta farko a majalisar ƙaramar hukuma kusan bai buɗe baki ba. Yakan zauna kusa da taga, inda iskar fanka ba ta kaiwa, yana karanta takardun da sauran kansiloli ke sa wa hannu ba tare da sun duba ba. Sakataren majalisa ya taɓa ce masa, "Malam, nan fa ba aji ba ne, ba wanda zai faɗi jarrabawa." Ya yi dariya, ya ci gaba da karatunsa.

A zango na biyu aka ba shi shugabancin kwamitin ayyuka. Ya sa aka yashe magudanan ruwa, aka sake rufin asibitin unguwa. Sai maganar faɗaɗa titin kasuwa ta taso. Titin ya matse ƙwarai, har wata rana motar asibiti ta maƙale a cikinsa da mai naƙuda.

Injiniya ya shimfiɗa taswira a kan tebur. Malam yana bin layin sabon titin da yatsa, sai ya tsaya cak. Shaguna goma sha ɗaya za a rushe, cikinsu har da shagon ɗinkin yayarsa, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Injiniya ya rage murya. "Ranka ya daɗe, ana iya ɗan karkatar da shi ta ɗaya gefen."

"Su wa ke ɗaya gefen?"

"Wasu ne dai."

"To su ma suna da ƙanne. Bar shi yadda yake."

Da la'asar ya taka zuwa shagon. Ya same ta a kan keke tana kafa wuyan riga. Ya gaishe ta, ya zauna a benci, ya faɗa mata komai. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen ɗinkin ta yanke zare.

"Kai ka zana?"

"Ba ni na zana ba, Yaya, amma ni zan sa hannu."

"To ka sa. Amma ranar rusau kada ka zo, kar bakina ya suɓuce in faɗi abin da zai dame ni daga baya."

Bai je ba. Ya yi ta zirga-zirga har aka ba duk waɗanda aka rushe wa sababbin shaguna a bayan tasha, ƙanana, nesa da masu saye. Wata huɗu Yaya ba ta yi masa magana ba, abin kuwa yana cinsa a rai. Rannan ta aika ya zo. Yana shiga ta ɗauko tef ɗin awo.

"Dubi rigar jikinka, kansila guda kamar ba shi da dangi. Ɗaga hannu."

Ya ɗaga, idonsa ya ciko.

Ita ta huce, amma sauran masu shagunan ba su huce ba. A zaɓe na uku wata mai kemis ta kayar da shi. Ya je da kansa ya yi mata murna, ya miƙa mata makullin ofis, ya nuna mata durowar da sai an ɗaga ta take buɗewa.

Washegari ya yi barcin rana har ya gaji. Da ya tashi matarsa ta ce, "Yau dai ba wanda ya buga mana ƙofa."

"Ki ba su kwana biyu."

A rana ta uku wani dattijo ya yi sallama, wai bututun ruwan layinsu ya fashe. Malam ya sa takalmi, ya raka shi har ofishin sabuwar kansila.