Sunan da Baffa Badaru Ya Kira

"Kai mai malafa, sauko! Da kai dogon nan!"

Daga Dawanau muka taso, motar cike da buhunan wake, 'yan sanda suka tare mu kafin Makoda. Ɗaya ya leƙo yana duban fuskoki. Mu Hausawa ko jakarmu bai taɓa ba. Fulani biyu kaɗai ya zaɓa: maƙwabcina Baffa Badaru da ɗansa Khalilu. Shekarun 'yan bindiga ne, duk Bafulatani ya zama abin zargi. Haba! Mutumin da shanunsa ke kwana a gonarmu duk rani suna zuba mana taki?

"Wannan wane ne?" ɗan sandan ya nuna Khalilu da bakin bindiga.

Baffa ya sunkuyar da kai. "Yaron gidanmu ne."

"Sunansa?"

Baffa ya kau da fuska. Khalilu ɗan fari ne, ga shi da mata da 'ya'ya, amma kunya ba ta taɓa barin Baffa ya kama sunansa ba.

"Ka gani? Bai ma san shi ba! Daga daji ya ɗauko shi."

Na buga gilashi. "Yallaɓai, ɗan fari ne! Ku a garinku ba a alkunya?"

"Rufe mana baki, Hajiya!"

Ya tura Khalilu cikin kwalbati, ya ɗana kunama. Sai tsohon nan, wanda ko akuya bai taɓa yi wa tsawa ba, ya sha gabansa da hannuwa a buɗe.

"Khalilu! Sunansa Khalilu! Ni na haife shi!"

Ƙarar harbin ta tashi tsuntsaye daga cikin gero, Baffa ya faɗi. Kafin mu dawo hayyacinmu sun hau motarsu sun tsere. Wallahi har gobe ban yafe ba.

Direba ya juya da mu asibiti. Muka kwantar da Baffa a kan buhuna, kansa a cinyar ɗansa, ni ina danne masa ƙirji da mayafina. Ya yi kalmar shahada, sannan ya yafito ni.

"Asiya, yaron nan... bai ji ciwo ba ko?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baffa. Ga shi yana riƙe da kai."

Bai dube shi ba. Ya juya fuska wajen taga, inda gero ke wucewa, yatsunsa damƙe da hannun rigar Khalilu. A ƙofar asibiti, rai ya riga ya yi halinsa, da ƙyar muka ɓamɓare yatsun.