Muryar Glenys da Ƙarfe Huɗu

Merv Pascoe yana cikin mutum shidan da suka ɗauki akwatin gawar Glenys Treloar a garin Kadina, saboda haka ba shi da hujjar shakkar inda take. Duk da haka, wata bakwai bayan jana'izar, da ƙarfe huɗu na yamma, ya ji muryarta a rediyonsa.

Zangon da ta fito ba na magana ba ne. Nan ne masu rediyon sha'awa ke aika wa juna rubutu, kwamfuta ta mayar da shi fito, wata kwamfutar ta karanta. Tsakiyar fiton sai ga ta: "Des, ka kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Kek ɗin nan na coci ne, kada ka taɓa."

Washegari ta maimaita, sau uku a jere. Merv ya shekara talatin yana gyaran wayoyin tarho, kuma ya gano dalili tun a rana ta biyu, amma sanin bai hana tsikar jikinsa tashi ba. Mako uku yana zaman jiran ƙarfe huɗu. Sai da wani daga New Zealand ya tambaya ta rediyo wace ce matar mai kek, sannan Merv ya sayi ƙaramin katin sauti na kwamfuta ya nufi gidan mijinta Des, wanda shi ma mai rediyon sha'awa ne.

Ya tarar da Des a rumfar bayan gida, gaban rediyo.

"Katin sauti nawa ne a kwamfutar nan, tsoho?"

"Ɗaya. Na biyun na masu kuɗi ne irinku."

"Shi kuma ka jona da rediyo. Me kake kunnawa kullum ƙarfe huɗu?"

Des ya daɗe yana goge tabarau. "Saƙon Glenys na ƙarshe. 'Yata ce ta kwafo min daga na'urar ajiye saƙon tarho kafin ta jefar da ita. Bai kwafu ba, ba murya ko kaɗan. Ina dai gwadawa, lokacin shayinmu ne."

"Ya kwafu. Duk abin da kwamfutar nan ta furta, ta rediyo yake fita. Har a New Zealand an san ba a taɓa kek ɗin."

Merv ya durƙusa ya jona sabon katin da rediyo, ya mayar da tsohon ga lasifika, yadda ya kamata a yi tun farko.

"Tun yaushe kake jin ta?" Des ya tambaya.

"Jiya," in ji Merv, kansa na ƙarƙashin tebur.

Des ya danna. Muryar ta cika rumfar, ta fi yadda take a rediyo kusa, har ana jin numfashinta kafin maganar kek. Merv ya fita ya tsaya wajen igiyar shanya. Ba komai a kanta.

Washegari da ƙarfe huɗu ya kunna rediyonsa. Fito ne kawai, tsaf bisa ƙa'ida, ba mai damun kowa. Ya zauna har biyar.